Magogin katako: darasin ƙira da ya kamata Wudil ta ɗauka

Kafin kujera ko ƙofa ta yi santsi, sai ta bi ta ƙarƙashin magogin katako, wanda kafintoci ke kira jakfilen. Akasarin waɗanda ake gani a shagunan kafintocin Kano daga ƙasashen waje ake shigo da su. Alhali akwai wani nau'insa mai daraja da mutum zai iya haɗawa da hannunsa.

Jikin wannan nau'i ƙarfe ne, cikinsa kuma cike da itace mai tauri. Stewart Spiers na garin Ayr a Sikotland ya yi suna wajen ƙera shi tun wajen 1840, daga bisani kamfanin Thomas Norris na Landan ya shahara da shi. Kasuwarsa ta ja baya ne bayan kamfanin Stanley na Amurka ya sayi haƙƙin ƙirar Leonard Bailey a 1869, ya cika duniya da magogi na zubi mai araha. A yau masu sha'awa kan sayi sassansa a kwali su haɗa da kansu.

Aikin na bukatar haƙuri. Ana yanka haƙora a gefen farantin ƙarfe na ƙasa da farantan tagulla biyu na gefe, a sarƙa su cikin juna. Sai a yi ta bugu da guduma har ƙarfen ya bazu ya toshe kowace kafa, sannan a bi da magagari a daidaita. Daga nan a sassaƙa itace ya shige tsam, a kwantar da wuƙar a kusurwar digiri 45 ko sama kaɗan. Nauyin jikin da ƙanƙantar bakin da wuƙar ke leƙowa su ke sa ya aske katako mai gardama ba tare da ya yage shi ba.

A nan batun ya shafi Wudil. Garin na da kwalejin fasaha ta gwamnati, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano da ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022. Magogi guda ɗaya ya tattara awo, ƙira da sassaƙa, wato abubuwan da ɗalibin fasaha ke bukatar ya iya da hannunsa.

Sai dai kayan aikin na tona asirin manufofin ƙasa. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 har yau bai kammalu ba. Itacen da Turawa suka fi cika magogin da shi dangin madobiya ne. Ita kuwa madobiyar Najeriya an yi ta sararta ana kaiwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinta daga ƙasar a 2018.

Duk da haka, akwai ƙirya da kanya, itatuwa masu tauri da masassaƙan ƙasar Hausa suka daɗe da sani, kuma maƙera ba su ƙare ba. Tambayar da ta dace matasa su yi wa masu neman ƙuri'unsu ita ce: nawa ne daga kasafin ilimi ke isa ɗakunan koyon aikin hannu, kuma wa ke bin sawun kuɗin?