Ciniki da Siyasa a Iyakar Illela da Ƙonni: Shugabannin Farko na Nijeriya da Nijar, 1960–1974

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu duba yadda shugabannin farko na Nijeriya da Jumhuriyar Nijar suka tafiyar da sha'anin iyakar da suka gada daga Turawa, tun daga samun mulkin kai a 1960 har zuwa faɗuwar gwamnatin Diori Hamani a 1974. Mun ɗauki ƙasar Illela, inda Garu take, da maƙwabciyarta Birnin Ƙonni su zama abin misali, domin mazauna irin waɗannan wurare su ne ke fara ɗanɗana sakamakon abin da aka ƙulla a Ikko da Kaduna da Yamai. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, buƙatar hanyar ciniki ita ce ta fi kowane dalili ƙarfi wajen tsara hulɗar ƙasashen biyu, har ta kai ga rinjayar zumuncin da ke tsakanin Nijar da Faransa.

2.0 Asalin Iyakar

Ƙonni tana cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu Usmanu suka ci a 1804, kuma fatake sun daɗe suna bi ta kanta tsakanin Sakkwato da Adar. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun shata wani rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, wanda ya bar Ƙonni a rabon Ingilishi. Wannan ya hana Faransawa hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Saboda haka aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo iyakar kudu, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta kafa alamu. Ta haka Ƙonni ta koma hannun Faransa, aka bar Illela a Nijeriya, da tazarar 'yan kilomitoci kawai tsakaninsu. Watau tun farko neman hanya ne ya sa iyakar ta tsaya inda take.

Duk da haka ciniki bai yanke ba. Shanu da tumaki da raƙuma da kanwa da gishiri suka ci gaba da gangarowa kudu, goro da yadi suna hawa arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Ƙaura Namoda a 1929, sai gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bi ta Nijeriya zuwa teku. Faransawa ba su so haka ba. Daga 1953 suka shiga tallafa wa motocin da ke kai gyaɗar Faraku a Dahomi, inda jirgin ƙasa ke ɗaukarta zuwa Kwatano.

3.0 Siyasar Jam'iyyu

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuwa ran 1 ga Oktoba. A kowane gefe jam'iyyar da ke mulki ta jingina da sarakuna: NPC ta Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Arewa, da PPN-RDA ta Diori Hamani da Bubu Hama a Nijar. Masu hamayya ma sun yi kama da juna, watau NEPU ta Malam Aminu Kano da Sawaba ta Jibo Bakari, waɗanda ke neman goyon bayan talakawa da ƙananan 'yan kasuwa da direbobi. Sawaba ta nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta Janar Digol a Satumban 1958, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, da yawa daga 'ya'yanta suka tsallako Kano da sauran garuruwan Arewa.

A ƙarshen 1964 dakarun Sawaba da suka taso daga Gana suka shiga Nijar ta iyakokin kudu, har da yankin Ƙonni, amma aka murƙushe su. A Afrilun 1965 kuma aka jefa wa Diori gurneti a wurin sallar Idi ta Babbar Salla a Yamai, ya kuɓuta. Waɗannan al'amura sun koya wa Diori cewa tsaron gwamnatinsa yana rataye da amincewar mahukuntan Arewa, su kuma ba su da wata riba ga nasarar abokan NEPU. Bugu da ƙari, dukkan ɓangarorin sun amince da ƙudurin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Alƙahira, na Yulin 1964, cewa a bar iyakoki yadda aka gada.

4.0 Hanyar Teku da Kuɗi

Nijar ba ta da gaɓar teku. Diori ya shigar da ita ƙawancen Antant tare da Kwaddibuwa da Volta ta Sama da Dahomi a 1959, da fatan dogara ga hanyar Kwatano. Amma a ƙarshen 1963 rigima ta tashi tsakaninsa da Dahomi kan tsibirin Lete, Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomi, ita kuma Dahomi ta tare kayan Nijar. Idan ƙofa ɗaya tana iya rufuwa dare ɗaya, to wajibi ne mai gida ya kiyaye ta biyu. A 1964 ɗin nan ne ƙasashen biyu suka shiga cikin waɗanda suka kafa Hukumar Tafkin Cadi da Hukumar Kogin Kwara.

Har ila yau akwai sha'anin kuɗi. Nijar tana amfani da sefa, wadda aka ɗaure da farankar Faransa, Nijeriya kuwa da fam, sa'an nan naira daga 1973. Haka nan kowace gwamnati tana yanka farashin gyaɗa nata: kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 a Nijar, da Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa a Nijeriya. Duk shekarar da farashi ko canji ya fi kyau a gefe ɗaya, sai kaya su bi dare su tsallaka. Hukuma na kiran wannan fasa-ƙwauri, manomin da gonarsa da surukansa ke ƙetare kuwa bai ga ya yi wani abu sabo ba.

5.0 Yaƙin Basasa

Babban gwaji ya zo tsakanin 1967 da 1970. Gwamnatin Digol ta karkata ga Biyafara, kuma a Mayun 1968 Gabon da Kwaddibuwa suka amince da ita a matsayin ƙasa. Shugaba Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa shi ne jagoran Antant, Faransa kuma ita ke cike giɓin kasafin kuɗin Nijar. Duk da haka Diori ya tsaya bayan Gwamnatin Tarayya. Yana cikin shugabanni shida na kwamitin sulhu na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma a Yamai aka yi zaman Yulin 1968 wanda Janar Gowon da Ojukwu suka halarta, kowa a nasa lokaci. A ganinmu dalilin Diori a fili yake: kasuwar dabbobin Nijar, da hanyar gyaɗarta, da dangin yawancin jama'arta, duk suna Arewacin Nijeriya. Bayan yaƙi aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar a 1971 da mazauni a Yamai, aka kuma shirya ba Nijar lantarkin Kainji, wanda ya isa Yamai a 1976, shekara biyu bayan Seyni Kunce ya kifar da Diori.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga sabuwar ƙasa. Amurka ta sami 'yanci da taimakon Faransa a 1783, amma a 1794 Shugaba George Washington ya aiki John Jay ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Ingila, domin kuɗin fito na kayan Ingila ne ke riƙe da baitulmalin da Alexander Hamilton ya tsara. Thomas Jefferson da magoya bayansa suka ɗauki wannan butulci ga Faransa. Cikin sharuɗɗan yarjejeniyar har da bai wa mazauna iyakar Kanada izinin kai da kawowa don ciniki.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa shugabannin farko sun bar iyakar inda Turawa suka ajiye ta, suka kuma bar jama'a da dabbobi suna ratsa ta. Waɗanda suka biyo bayansu sun gwada wata hanya: Nijeriya ta rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, da daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Yamai, lokacin da har lantarkin aka yanke. A kowane karo kasuwar dabbobi ta Illela da kasuwar Ƙonni suna cikin waɗanda suka fara jin jiki. Muna ba da shawara ga masu nazari su tattara bayanan baka daga dattawan dillalai da 'yan canji da direbobi na Garu da Illela da Ƙonni tun suna raye, domin a gwama su da takardun da ke ajiye a Kaduna da Yamai.