Zaren Tsamiya: Dukiyar da ke Rataye a Bishiya

TUMFURE, GOMBE — Kafin siliki na kanti ya cika kasuwanninmu, babbar rigar da aka yi wa aska takwas da zaren tsamiya tufa ce ta sarakuna da attajirai. Wannan zare ba shuka shi ake yi ba. Tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai tashi da dare ce ke saƙa shi, wanda masana ke kira Anafe. A 1887 aka raɗa wa wani jinsinsa sunan Alfred Moloney, Gwamnan Ikko na lokacin.

Rayuwar ƙwaron hawa huɗu ce. Da damina uwar kan zuba ƙwai a jikin ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsotsi masu gashi mai ƙaiƙayi, waɗanda ke kiwo tare a kan bishiyoyi irin su tsamiya da doka, suna saɓa yayin da suke girma. Idan sun ƙosa, sai su taru su saƙa gida guda, kowace da ɗakinta a ciki. Nan suke kwanciya har su fito da fikafikai, su sake yin ƙwai.

Wannan gida shi ne hajar. Fatake kan kwaso shi daga dazuzzukan ƙasashen Bauchi da Adamawa zuwa Kano da Zariya. Akan dafa shi da ruwan toka domin danƙonsa ya saki, mata su kaɗa shi da mazari, sannan maɗinka su saya. Ke nan kafin riga ta kai ga mai ita, hannu da yawa sun ci abinci.

Sai dai jarin wannan sana'a bishiya ce. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gine-gine suka mamaye gonakin Tumfure, gawayi da itacen girki kuma suna cin dazuzzuka. Haka nan, wanda ya dafa gida kafin ƙwarin su fita ya cinye irin baɗi.

Shirin dashen itatuwa na 3G da Jihar Gombe ta ƙaddamar a 2019 dama ce. Ɗan kasuwar da ya dasa tsamiya yana da 'ya'yanta na sayarwa, idan kuma tsutsar ta sauka, ga riba ta biyu a bishiya guda.