Yadda Ake Cewa "Ban Yarda Ba" a Taron da Ake Yi da Turanci

A Gusau, Tsafe da Bunguɗu da Hausa muke sujada, amma takardun taro da wasiƙun hukuma galibi da Turanci suke zuwa mana. Yawancinmu mun san kalmar "support", wato goyon baya. Kalmomin ƙin amincewa ne suke ba mu wahala.

Na taɓa zama a wani taron wakilai a Gusau inda aka kawo shawarar sayar da wani fili. Wani dattijo ya taso tun daga Tsafe don ya ce bai yarda ba. Shugaban taro ya tambaya, "Any objection?" Baba ya yi shiru yana jiran a kira sunansa. Sakatare ya rubuta "no objection", aka wuce. Sai a mota aka bayyana masa cewa shirunsa ya zama amincewa.

Ga kalmomin da ya kamata mu riƙe. "I disagree" na nufin ra'ayina dabam, ita ce mafi sauƙi. "I object" na nufin ina da ja, a tsaya a saurare ni kafin a yanke shawara. "I oppose" ko "I am against" na nufin ba na goyon baya sam. "Reject" kuwa watsi da abu ne gaba ɗaya. Amma "abstain" ba ƙi ba ne. Mutum ya janye ne daga ƙuri'a, ba a lissafa shi a kowane ɓangare. A majalisun dokoki, har da ta Jihar Zamfara, masu goyon baya suna cewa "aye", masu ƙi kuma "nay".

A kula da tarko guda. Idan aka ce maka "Do you mind?", ana tambaya ne ko abin zai dame ka. In ka ce "no", ka ba da izini ke nan. Wanda bai yarda ba shi ne zai ce "Yes, I mind."

Batun ya shafi aure ma. A Dokar Aure ta Nijeriya, ana kafa sanarwa a ofishin rajista, a jira kwana 21. Mai ƙwaƙƙwaran dalili na hana auren yakan shigar da abin da ake kira "caveat", ta wurin rubuta kalmar "Forbidden", wato an hana, a littafin sanarwa, tare da sunansa da dalilinsa. Gunaguni a gida ba ya tsayar da komai.

Sunan Furotesta ma daga "protest" ya fito, wato nuna ƙin amincewa a fili. A shekarar 1529, a birnin Speyer na Jamus, wasu sarakuna da wakilan birane suka rubuta cewa ba su yarda da hukuncin majalisa a kan koyarwar Martin Luther ba.

Sai dai mu tuna, "opponent", abokin hamayya, ba "enemy" ba ne, wato maƙiyi. A Galatiyawa 2:11 Bulus ya tsaya wa Bitrus fuska da fuska a Antakiya, duk da haka ba su daina zama 'yan'uwa ba. Za ka iya farawa da "With due respect, I disagree", ka kawo dalilinka cikin ladabi.

Shugabannin taro, ku riƙa maimaita tambaya da Hausa kafin a kaɗa ƙuri'a. Wakilai kuma, kada ku sa hannu a takardar da ba ku gane ba; ku nemi a fassara muku. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.