KULA DA KAYAN TARIHIN 'YAN MAZAN JIYA

A gidaje da yawa na ƙasar nan, daga Sakkwato har zuwa Kalaba, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda ba a cika buɗe shi ba. In an buɗe, sai a tarar da kaki da ya koɗe, da hula, da ɗamara, da lambobin yabo waɗanda tsofaffi ke kira minda, da 'yan hotuna, da kuma takardar sallama daga aikin soja. Mai akwatin ko dai ya tsufa, ko kuwa ya rasu, ya bar 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su san abin da kayan suke nufi ba. Daga nan gara ta ci rabi, sauran kuma a zubar ranar da aka tashi gyaran ɗaki.

Maƙasudin wannan bayani shi ne a nuna wa iyali yadda za su tsare waɗannan kaya. Babban abin lura guda ɗaya ne: kayan soja ba su da amfani ga na baya sai an adana su tare da sunan mai su, da takardunsa, da labarinsa. Lambar yabo da ta rabu da takardarta ta zama guntun ƙarfe.

DAGA INA KAYAN SUKA FITO

Sojan Nijeriya ya yi aiki a wurare masu nisa. A shekarun 1940 da 1941 bataliyoyin ƙasar nan sun yaƙi Italiya a Afirka ta Gabas, suka bi ta Mogadishu har cikin ƙasar Habasha. A shekarar 1943 aka kafa Runduna ta 81 da Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya cikin jirgin ruwa, daga can suka shiga Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, domin yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944, kuma a watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu a garin Myohaung. Bayan samun mulkin kai sai aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, da Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970, da aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan daga 1978, da na Laberiya da Saliyo daga 1990 zuwa gaba.

Sunayen waɗansu barikoki shaida ne ga wannan tarihi. Barikin Dodan, da na Myohaung, da na Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Kalapanzin da Dalet a Kaduna, duk sunayen wurare ne a Bama. Mutane suna wucewa ta ƙofarsu kullum ba tare da sanin asalin sunan ba, alhali wataƙila amsar tana cikin akwatin kakansu.

Lokaci kuwa ya ƙure. Wanda ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu yana saurayi ya haura shekara 90 in yana raye, wanda ya ɗauki bindiga a Yaƙin Basasa yana ɗan shekara 18 ya wuce 70.

TAKARDA ITA CE UWA

Cikin duk abin da ke akwatin, takardar sallama ce ta fi daraja. A cikinta akan sami cikakken sunan soja, da lambarsa ta aiki, da muƙaminsa, ko farabiti ne, ko kofur, ko saje, ko samanja, da rundunar da ya yi aiki a ciki, da ranar shigarsa da ta fitarsa. Da ita da takardun fansho ne iyali kan kafa hujja in an zo neman haƙƙin mamaci. Lambar aiki tana da muhimmanci ƙwarai, domin sunaye irin su Musa Kano ko Garba Sakkwato sun yi yawa a rajistar soja ta zamanin Turawa, sau da yawa ma sunan gari ne aka liƙa wa mutum a madadin sunan mahaifinsa. Lamba ce kaɗai ke raba wannan Musa da wancan. Da ita kuma ake iya bincika rajistar Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila a intanet, domin akwai sojojin Afirka ta Yamma da aka binne a maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon.

Abokan gabar takarda su ne danshi, da gara, da kyankyaso, da ɓera, da hasken rana. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. A yi hoton kowane shafi, ko da na'urar kwafi ko da wayar hannu, a ba 'yan'uwa biyu ko uku da ke zaune a gidaje dabam-dabam. In gobara ko ambaliya ta ci ta asali, bayanin bai ɓata ba.

2. Kada a kai takardar asali a liƙe ta cikin leda da zafi. Zafin da gam ɗin suna lalata takarda sannu a hankali, kuma ba a iya cire ledar ba tare da an yage rubutun ba. Kwafin ne ya dace a liƙe, a riƙa yawo da shi ofis-ofis.

3. Kada a ɗinke yagewa da salatif, domin yakan bar tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita. A cire duk wani fil ko maƙalin ƙarfe da ya yi tsatsa.

4. A shimfiɗa takarda a miƙe tsakanin fararen takardu masu tsabta, a sa cikin babban ambulan. Yawan naɗewa da warwarewa shi ke karya ta a kan layi.

5. A ɗora akwatin a kan benci ko bulo, nesa da bango, nesa da inda rufi ke yoyo. A buɗe shi a duba sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. In an ga danshi, a shanya takardun a inuwa inda iska ke ratsawa.

LAMBOBIN YABO

Mutane da yawa ba su san cewa galibin lambobin da Ingila ta bayar na Yaƙin Duniya na Biyu ba a buga sunan kowa a jikinsu ba, saɓanin na Yaƙin Duniya na Ɗaya waɗanda ke ɗauke da suna da lamba. Ke nan in Tauraron Bama ya fita daga akwatin mai shi, babu sauran hanyar gane ko na wane ne. Abin da ya kamata shi ne a rubuta sunan sojan da lambarsa a ɗan kati, a ajiye tare da lambobin cikin jaka ɗaya ta yadin auduga, kowace lamba a naɗe dabam don kada su goge juna.

Ƙyallen da ake rataye lamba da shi yana faɗin inda aka yi aikin. Na Tauraron Bama ja ne a tsakiya, gefunansa shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Na Tauraron Afirka launin rairayi ne, da ja a tsakiya, da siraran ratsi biyu, ɗaya shuɗi mai duhu, ɗaya mai haske. Don haka kada a yar da ƙyalle saboda ya tsufa, kada kuma a wanke shi, gama launin yakan zube.

Haka nan kada a goge lamba da toka, ko rairayi, ko lemun tsami, ko man goge tagulla. Kowace guga tana cin fuskar ƙarfen, a kwana a tashi zanen da rubutun su shafe. Baƙin da tsohon ƙarfe ke yi ba illa ba ne. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa a share ƙura.

HOTUNA DA KAKI

Hoton da ba a san waɗanda ke cikinsa ba ya rasa rabin amfaninsa. Tun mai shi yana da rai a zauna da shi a tambaye shi: su wane ne waɗannan, ina ne nan, wace shekara ce? A rubuta amsar a bayan hoton da fensir, a hankali, ba da biro ba, domin tawada takan ratsa ta ɓullo a fuska. Hoton da aka rataye a bango inda rana ke duka yakan dushe cikin 'yan shekaru, sai a wanke sabon kwafi a rataye, a ɓoye na asali. In hoto ya manne da gilashi, a bar shi haka nan a ɗauki hotonsa, kada a ɓamɓare.

Kaki kuwa a tabbata yana da tsabta kuma ya bushe sarai kafin a ajiye, domin gumi da maiƙo ne ke jawo asu. A naɗe shi cikin farin zane, kada a cikin leda, gama leda tana riƙe danshi. Kada a cire igiyar muƙami ko bajen runduna daga jikinsa. A kuma sani cewa doka ta hana wanda ba soja ba ya sa kayan soja yana yawo da su.

ABIN DA BAI HALATTA A AJIYE BA

Waɗansu sun dawo daga fagen fama da harsashi, ko gurneti, ko kan bom, suka ajiye don tunawa. Wannan haɗari ne babba, kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar makamai. Daɗewa ba ta kashe albarushi. Wanda ya tarar da irin wannan a cikin kayan mahaifinsa, kada ya taɓa, kada ya jefa a shara ko a wuta ko a rijiya. Ya fitar da yara daga wurin, ya sanar da ofishin 'yan sanda ko barikin soja mafi kusa.

MURYAR MAI KAYA

Abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne labarin da ke cikin kan tsohon soja. Misalin Isaac Fadoyebo ya isa darasi. Ɗan ƙasar Owo ne, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya yi aikin jiyya a Runduna ta 81. A 1944 Japanawa suka far musu a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi a daji. Wani manomi Musulmi na ƙauyen ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, ya ciyar da su wata da watanni, yana sane da cewa in an gane kashe shi za a yi. Bayan shekaru masu yawa Fadoyebo ya rubuta abin da ya same shi, aka buga a 1999. Rubutun nan ne ya kai ga wani ɗan jarida na Ingila, Barnaby Phillips, wanda ya tafi Miyanma ya nemo iyalin manomin, ya miƙa musu wasiƙar godiya daga Fadoyebo kafin rasuwarsa a 2012. Dubban abokan aikinsa sun ga irin abin da ya gani, amma da yake ba a rubuta nasu ba, sun tafi da shi kabari.

Ba sai mutum ya iya rubutu ba. Wayar hannu ta isa a ɗauki murya. A zaɓi lokacin da tsoho yake cikin nishaɗi, a ajiye akwatin a gabansa, domin ganin kaya yakan tuno da abin da aka manta. A bar shi ya yi magana da harshen da ya fi sakewa a ciki. A fara da tambayoyi masu sauƙi: a ina aka ɗauke shi aiki, wa ya raka shi, me suke ci, waɗanne waƙoƙi suke yi a fareti, yaya gida ya karɓe shi da ya dawo. In ya yi shiru a kan wani abu, a ƙyale shi, domin akwai abin da soja ya gani wanda faɗarsa ke tayar masa da ciwo. A farkon kowace ɗauka a faɗi sunansa da kwanan wata. A tambayi matarsa ita ma, gama ita ta san zaman bariki da jiran wasiƙa. Wanda yake da tsohon kaset na irin wannan hira ya gaggauta a juye shi cikin kwamfuta kafin zaren ya lalace.

BAYAN RASUWA

Wajen rabon gado ne kaya suka fi watsewa: wannan ya ɗauki lamba ɗaya, wancan ya ɗauki hula, takarda ta bi wani gari. Ya fi kyau magada su yarda a tsakaninsu a bar kayan wuri ɗaya a hannun amintacce guda, a rubuta jerinsu, kowa ya sami kwafin takardu da hotuna. A yi hattara da dillalan da ke yawo suna sayen lambobi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Iyalin da ba su da wurin ajiya mai kyau suna iya neman shawara a reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya na jiharsu. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa tana da ofisoshi a Kaduna da Ibadan da Inugu, akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a Umuahia, inda aka tara makamai da motocin yaƙi na ɓangarorin biyu na Yaƙin Basasa. Duk wanda ya ba da kaya ga irin waɗannan wurare ya karɓi takardar shaida mai nuna abin da ya bayar, da kuma ko kyauta ce ko aro.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, ƙasa takan tuna da 'yan mazan jiya. Ana kira ga kowane iyali da ke da irin wannan akwati su mai da ranar lokacin buɗe shi: a kakkaɓe ƙura, a duba gara, a karanta wa yara sunan da lambar da ke cikin takardar sallama, in mai kayan yana raye kuma a zauna a saurare shi.