Hawan Dutsen Bagazam

Yau hirarmu a kan Dutsen Bagazam take, wanda ke cikin ƙasar Abzin, arewa maso gabas da Agadas.

Da yawa daga cikinku kun san sunan Bagazam ta wajen dawaki. To ku sani, can ne wuri mafi tsawo a Nijar duka. Ƙololuwarsa, wadda Abzinawa ke kira Idukal-n-Tagas, ta kai mita 2022 bisa teku. Da can an ɗauka Dutsen Girebun ne ya fi, amma shi mita 1944 gare shi.

Kada ku zaci tsini ne guda. Bisa Bagazam fili ne mai faɗi, akwai ƙauyuka da idanun ruwa da garake. Mutanen wurin suna noman albasa da tafarnuwa da dankalin turawa, su ɗora wa jakuna su sauko da su ta ƴan hanyoyin dutse.

Mai son hawa yakan biyo ta Tabelot, garin da ke gindin dutsen. Ga abin da ya kamata ya kiyaye.

Na farko, ya nemi labarin hanya wurin hukuma tun daga Agadas, kuma ya ɗauki ɗan ƙasa ya yi masa jagora. Hanyoyin sun yi kama da juna, wanda ya ɓace kuwa ƙishirwa ce ke kashe shi.

Na biyu, ya tashi da asuba da ruwa isasshe, ya tafi sannu yana hutawa. Duk sanda mutum ya ƙara sama iska na raguwa, shi ya sa haki ke zuwa da wuri.

Na uku, ya riƙe bargo. Cikin Disamba da Janairu sanyin dare a can yana iya daskarar da ruwa.

Na huɗu, da damina kada ya kwana cikin ƙorama ko da busasshiya ce. Ruwan da aka yi bisa dutse yakan sauko da ƙarfi, ba tare da ko ɗigo ya faɗi inda kake ba.

Daga ƙarshe, idon ruwa shi ne ran mutanen Bagazam. Kada baƙo ya yi wanki a ciki, kada ya shiga garkar wani sai da izini.

Ku tattauna wannan da malaminku a ajin yaƙi da jahilci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.