Yadda ƙididdiga ke taimaka wa masu casar shinkafa gane matsalar gaske

Garin Gashuwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bade a Jihar Yobe, yana bakin Kogin Yobe, kuma fadamun da suka miƙe daga Haɗeja zuwa Nguru sun shahara da noman shinkafa. Akwai tambayar da mai injin casa a wannan yanki ke yawan cin karo da ita: idan abin da buhun shanshera ya bayar ya ragu yau, matsala ce ta kunno kai, ko hawa da saukar da aka saba ne? Kuskure a nan yana da tsada, domin ana iya sallamar ma'aikaci ba gaira ba dalili, ko a bar asara tana cin jari a ɓoye.

Hanya ta farko da masana ƙididdiga ke bi ita ce jadawalin sa ido kan inganci, wanda Walter Shewhart ya ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1924. Tushensa shi ne bambanci iri biyu ne: wanda ba a rasa shi a kowane aiki, da wanda ke da takamaiman dalili, kamar lalacewar sikeli ko ɗanyen kaya.

A misali, mai injin da ke cika buhu mai kilo 50 zai riƙa auna buhu biyar kullum yana rubuta matsakaicin nauyinsu. Bayan kwana 20 zuwa 25, sai a ja layin tsakiya, da iyaka ta sama da ta ƙasa, waɗanda ake lissafawa daga alƙaluman da aka tara. Muddin awon yini yana tsakanin iyakokin, ba a taɓa inji. Idan ya tsallake iyaka, ko aka yi kwana takwas a jere yana gefe guda na layin tsakiya, lokacin bincike ya yi.

Hanya ta biyu ta shafi kwatanta abu biyu, kamar kayan dillalai biyu. Gwaje-gwajen ƙididdiga da aka fi sani suna ɗauka cewa alƙaluma sun taru a tsakiya suna raguwa daidai ta kowane gefe. Cinikin kasuwa kuwa ba ya bin wannan tsari, domin cinikin jajiberin Sallah kaɗai zai iya ɗaga matsakaicin wata guda. Shi ya sa ake amfani da gwaje-gwajen da ba su gindaya wannan sharaɗi ba.

Mafi sauƙinsu shi ne ƙirga wanda ya rinjaya, dabarar da John Arbuthnot ya yi amfani da ita a Landan tun 1710. A ce an casa kayan dillalai biyu a ranakun kasuwa goma, na farko ya fi ba da tsaba a tara daga ciki. Da kayan nasu ɗaya ne, damar ya yi rinjaye sau tara ko fiye ita ce 11 cikin 1,024, wato kusan kashi 1 cikin 100. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma damar rinjaye sau shida ko fiye ta kai kusan kashi 38 cikin 100, don haka shida bai isa a raba gari da kowa ba.

A 1945 Frank Wilcoxon ya faɗaɗa dabarar, sannan Mann da Whitney suka ƙara a 1947. A nan ana jera alƙaluma daga ƙarami zuwa babba, a yi lissafi da matsayin kowanne maimakon girmansa, ta yadda rana guda mai ciniki na ban mamaki ba za ta danne sauran ba.

Sai dai jadawali yana nuna cewa wani abu ya sauya ne kawai, gano dalilin aikin mai inji ne. Kuma lissafi ba ya gyara awon da aka yi da gurɓataccen sikeli. Abin da ake buƙata don farawa shi ne sikeli mai gaskiya, da littafi, da rubuta awo kowace rana, ta riba da ta faɗuwa.