Kwabo mai huji: Dalilin da ya sa goge tsofaffin sulallan gado ke zubar da darajarsu

Ba abin mamaki ba ne a buɗe adakar wata tsohuwa a Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri ko Kore Mairuwa a tarar da tsofaffin sulalla ƙulle a tsumma, wasu da huji a tsakiya. Waɗansu sun yi duhu, waɗansu kuma sun yi launin shuɗi da shunayya kamar bakan gizo.

Yanzu da ake ta yaɗa hotunan tsofaffin kuɗi a Facebook da WhatsApp tare da alƙawarin miliyoyi, abin da ke fara zuwa wa matashi a rai shi ne ya nemo toka da lemun tsami ya goge su har su yi ƙyalli. A kasuwar masu tara sulalla kuwa, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Yadda kuɗin Ingila suka shigo ƙasar Arewa

Ƙasar Arewa da ke jihar Dosso tana maƙwabtaka da jihar Kebbi ta Najeriya. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta ba Turawan Ingila duk yankin da ke cikin da'irar mil 100 daga Sakkwato, sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyakar, ƙasar Arewa ta koma hannun Faransa. Iyakar ba ta hana fatauci da ci-rani ba, don haka kuɗin ɓangarorin biyu suka riƙa cakuɗuwa a kasuwanni.

Tun 1907 Ingila ta fara buga wa Afirka ta Yamma kwabo da anini masu huji, ɗauke da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Na farko-farkon farare ne, sai daga 1952 aka koma buga su da tagulla. Najeriya ta buga nata kwabon tagulla mai huji a 1959, kafin zuwan naira da kobo a 1973. A ɓangaren Faransa an ƙirƙiro sefa a Disambar 1945, kuma 'yar dala da dala biyu da dala biyar masu hoton barewa gauraye ne na jan ƙarfe da alminiyom.

Launin da shekaru suka shafa

Sabon sulen jan ƙarfe jawur yake fitowa. Da ya jima, iska da ɗan sinadarin farar wuta da ke cikinta sai su yi masa wata siririyar fata a sama. Kaurin wannan fata ne ke sa ido ya ga ruwan goro, shuɗi ko shunayya, daga ƙarshe ya rine zuwa ruwan ƙasa. Masu saye suna son launin da ya samu da kansa, domin shaida ce cewa ba a taɓa fuskar sulen ba.

Koren tsatsa kuwa daban ne. Shi cin ƙarfen yake yi, kuma laima da gumin hannu da wasu ledoji masu laushi ne ke jawo shi.

Su wa ke tantancewa?

Kamfanoni biyu na Amurka ne suka fi suna a wannan aiki: PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987. Na farko yana da ofis a birnin Paris, na biyu yana da ofisoshi a Landan da Munich ta Jamus. Dukansu suna amfani da ma'aunin maki 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949 don sulallan jan ƙarfe na Amurka. Daga maki 60 zuwa sama na sulen da bai taɓa yawo a hannun mutane ba ne.

Ga jan ƙarfe ana ƙara alamar launi: RD ga wanda jansa na asali yake nan kusan duka, RB ga wanda ya fara rinewa, BN ga wanda ya koma ruwan ƙasa. Bayan an duba, sai a rufe sulen cikin ɗan akwatin roba mai haske, da lambar da mai saye zai iya bincika a intanet.

Idan masu dubawa suka ga layukan guga a fuskar sule, ba sa ba shi maki, sai dai su rubuta cewa an goge shi, farashinsa kuma ya faɗi. Haka suke yi wa wanda suke zargin an canza masa launi da wuta ko da sinadari.

Lissafi kafin aikawa

Ga 'yan Arewa mazauna Faransa, Jamus ko Amurka da 'yan uwa ke son ɗora wa wannan aiki, akwai lissafin da ya kamata a fara yi. Ana biyan gomman daloli kan kowane sule, ban da kuɗin rajista ko na dillalin da kamfanin ya amince da shi, da na aikawa da inshora. Yawancin kwabo masu huji miliyoyi aka buga, kuma waɗanda suka sha yawo a kasuwa ba za su mayar da wannan kuɗin ba. Ko na 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan mulki ba, ba shi da wuyar samu.

Abin da ke bambanta sule da sule shi ne shekararsa, lafiyar fuskarsa, da ƙananan haruffa irin su H ko KN da ke nuna masana'antar da ta buga shi a Birmingham. Duk wanda ya nemi a tura masa kuɗin "tantancewa" ta waya kafin ya haɗa mutum da mai saye, to a yi hattara da shi. Sannan Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, don haka a tuntuɓi hukuma kafin a fitar da tsohon kaya daga ƙasar.

Mai irin waɗannan sulalla a gida ya riƙe su ta gefe, kada ruwa ko toka su taɓa su. Ya ɗauki hoton gaba da baya a hasken rana, ya raba kowanne da ɗan uwansa, ya ajiye a busasshen wuri. Ya kuma tambayi dattawan gida wanda ya kawo su da kasuwar da suka fito, ya rubuta tun suna raye, domin babu kamfanin da zai iya faɗa masa wannan.